Ku Tambaya Mu Amsa: Injin wanki, wa ke da sunan kuma wa ya ƙera kayan?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan injin wanki ne, ina ga don lokacin bukukuwa ya matso ana ta haɗa kayan ɗaki, shi ya sa na tara su wuri guda. Waɗanda suka yi tambaya a kan firigo da kilima ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya: Salam. Ni uwa ce daga unguwar Birni a nan Damagaram, ɗiyata za ta yi aure bayan salla ina so in saka mata injin wanki cikin kayan ɗaki. Lokacin da muke zaune a Yamai maigidana Allah ya jiƙan shi ya taɓa sayo mana Brandt, ya yi mana aiki har yara suka girma. To yanzu na ga mai wannan sunan a wani kanti kuma mai kantin ya rantse min ɗan Faransa ne irin na da. In saya?

Amsa: Hajiya Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa a yi biki lafiya. Mai kantin ƙila ba da niyyar cuta ya faɗa ba, shi ma abin da ya taso yana ji kenan, amma Brandt ɗin da kika sani da wanda kika gani a kanti sunan ne kawai ya haɗa su. Kamfanin asalinsa na Faransa ne wannan gaskiya ne, sai dai ya sha canza hannu, a 2005 wani kamfanin Sifen mai suna Fagor ya saye shi, Fagor ɗin ya karye a 2013, sai a 2014 Cevital na maƙwabtanmu Aljeriya, na attajirin nan Issad Rebrab, ya karɓe shi aka koma ƙera injinan wankin a garin Setif. Kenan akwai yiwuwar wanda kika gani ɗan Aljeriya ne, ta Tamanrasset da Agadas ma ya biyo ya zo mana. Ban ce ba shi da kyau ba fa, abin da nake cewa kada ki biya kuɗin tuna baya, ki biya kuɗin abin da ke gabanki.

Kuma ba Brandt kaɗai ba, kusan duk sunayen da iyayenmu suka sani haka labarinsu yake. Arthur Martin da ake ji da shi a gidajen manyan ma'aikata tun 1976 ya koma hannun Electrolux na Suwidin, su ne kuma suka sayi Zanussi na Italiya a 1984 da AEG na Jamus a 1994. Philips ya fara sakar wa Whirlpool na Amurka ɓangaren manyan kayan gida a 1989 ya gama fita a 1991. National da tsofaffi ke rantsuwa da shi, masu shi da kansu suka ajiye sunan, zuwa 2008 komai ya koma Panasonic. Indesit da Ariston asalinsu na iyalan Merloni ne a Italiya, Whirlpool ya saye su a 2014, shekara goma ba ta cika sosai ba a watan Afrilun 2024 ya haɗa harkarsa ta Turai da Arçelik na Turkiyya masu Beko, aka kafa Beko Europe inda Turkawa ke da kashi 75 cikin 100 shi kuma 25. Wato yau in kin ga Indesit da Beko jere da juna a kanti kina ta auna wanne ya fi, maigidansu ɗaya ne. Abin ya yi kama da babbar motar da aka sayar wa wani, rubutun da ke goshinta yana nan yadda kowa ya san shi a hanyar Tanut amma direba ya canza, mai ita ya canza, wataƙila injin ma an sauke an ɗora wani.

Don haka Hajiya ki sa a juya miki injin ki ga bayansa, ko a buɗe ƙofar ki duba bakinta, akwai ƴar takarda manne mai ɗauke da lambar samfurin da ƙarfin wutar da yake ci da ƙasar da aka ƙera shi, inda aka rubuta "Made in" ko "Fabriqué en". Ita ce ba ta rantsuwa. Sannan kafin komai ki tambayi gidan da amarya za ta tare, akwai pampo mai ƙarfi ko ruwan ƴan ga-ruwa ne, don amsar wannan ta fi sunan kamfani muhimmanci, ki duba amsar da na ba wata baiwar Allah a ƙasa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni matashi ne daga Sabon Gari, na tara ɗan abin da na tara zan saya wa mahaifiyata inji. Abokina ya ce kar in kusanci Haier da Hisense da Midea duk kayan Sin ne ba sa ƙarko, in ƙara kuɗi in sayi Toshiba ko Sharp na Japan ko Candy na Italiya. Ya kake gani?

Amsa: Ƙanena Allah ya yi maka albarka da wannan niyya, amma ka gaida min abokin naka ka ce masa labarin da yake riƙe da shi ya tsufa. Toshiba ɗin da yake turo ka gare shi, tun 2016 Midea ya sayi kashi 80.1 cikin 100 na ɓangaren kayan gidansu tare da izinin amfani da sunan har shekara 40. Candy kuma, wanda iyalan Fumagalli suka kafa kusa da Milan, Haier ya kammala sayensa a farkon 2019 har da Hoover na Turai da ke ƙarƙashinsa. Sharp tun 2016 yana hannun Foxconn na Taiwan, kuma injinan wankin Sharp da ake sayarwa a Turai kamfanin Vestel ne na Turkiyya ke ƙera su a garin Manisa da lasisi. Ka ga kenan in ka bi shawararsa ka gudu daga Midea ka faɗa Toshiba, ka gudu daga Haier ka faɗa Candy, kuma ka ƙara kuɗi a kai.

Su waɗannan kamfanonin Sin ɗin ba ƙananan yara ba ne. Haier a birnin Qingdao ya tashi a 1984 daga wata masana'antar firigo da ta kusa mutuwa, kuma labarin shugabansu na wancan lokacin Zhang Ruimin sananne ne, a 1985 ya sa ma'aikata suka farfasa firigo 76 masu lahani da guduma a gaban kowa don su san ba a fitar da ɓataccen kaya. Daga baya suka sayi Fisher & Paykel na Niyuzilan a 2012, suka sayi ɓangaren kayan gida na GE na Amurka a 2016 a kan sama da dala biliyan 5. Haier Thermocool da ke shigo mana daga Kano haɗin gwiwa ne tsakaninsu da PZ Cussons a Najeriya. Hisense shi ma ɗan Qingdao ne, ya sayi Gorenje na Sulobeniya a 2018, ta nan Asko na Suwidin mai ɗan karen tsada ya shigo hannunsa. Midea kuwa shi ke da Little Swan, ɗaya daga cikin tsofaffin masu ƙera injin wanki a Sin.

Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne nan: masana'anta ɗaya tana iya fitar da mai kyau ta fitar da na banza a rana ɗaya, gwargwadon kuɗin da mai oda ya biya. Ɗan kasuwa zai je Sin ko Dubai ya ce a yi masa kwantena kaza a farashi kaza a buga masa sunan da ya ga dama, su kuma sai su rage kaurin roba, su naɗa moter da wayar alminiyam maimakon jan ƙarfe, su sa ƙaramin kondansater, ya zo ya jera a kasuwa da suna mai kama da na Turawa ko na Japanawa, wani lokaci harafi ɗaya kawai aka canza. Waɗannan ne ke ɓata wa kayan Sin suna. Ni in ni ne kai, zan fi yarda da kamfanin da ya buga sunansa na gaskiya a kan kayansa yana da wakili da shagon kayan gyara a Yamai ko Kano, a kan tsohon suna mai daraja da aka ba da haya ban san wa ke bayansa ba.

In kana son waɗanda har yau sunan da mai shi ba su rabu ba, akwai LG, wanda da ake kira GoldStar kafin 1995, da Samsung, dukansu na Koriya ta Kudu, sai Bosch, sai Miele na Jamus da tun 1899 yake hannun iyalai biyu, Miele da Zinkann. Siemens ma da kake gani a jikin injin wanki Bosch ne, da haɗin gwiwa suke tun 1967 sai Bosch ya saye rabon Siemens a 2015 ya ci gaba da buga sunan da lasisi. Su ɗin ma fa ba duka a ƙasarsu suke ƙerawa ba, LG da Samsung suna da masana'antu a Sin da Biyetnam da Tailan da Indiya da Folan, don haka kada wani ya ce maka ɗan Koriya ne tsantsa sai ka ga takardar baya.

Tambaya: Ni malamin lakwal ne a Karkada. Kullum muna gardama a majalisa, wasu na cewa injinan da sun fi na yanzu ƙarfi kuma da gangan kamfanoni ke yin na yanzu don su mutu da wuri a sake saye. Ina gaskiyar take?

Amsa: Mushe wannan gardamar ba a majalisarku kaɗai ake yin ta ba, har majalisar Turai ta kai. Bari in buɗe maka cikin injin mai ƙofa a gaba sai ka yi hukunci da kanka.

Akwai gangar ƙarfe da kake zuba kaya ciki, ita kuma tana juyawa ne cikin wani bahon da ke riƙe ruwa wanda ba ka gani sai an kwance. A bayan gangar akwai wani ƙarfe mai yatsu uku da ke riƙe ta, daga shi sanda ta fita ta ratsa bayan bahon, a nan ne rulma biyu suke, wato zoben ƙarfe masu ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsu, da wata roba mai tare ruwa kada ya kai gare su. Rayuwar injin gaba ɗaya a wannan wurin take. Ranar da robar ta gaji ruwan sabulu ya fara tsiyaya cikin rulma, sai tsatsa, sai ka fara jin ƙara lokacin matsa kamar jirgi zai tashi. Rulman kansu ba wani abu ba ne, masu lamba 6204 da 6205 da 6206 ne yawanci, irin waɗanda za ka samu wurin masu kayan babur da injin niƙa a Kasuwar Dole. A injinan zamanin da bahon ƙarfe ne ko kuma roba ce gida biyu da aka ɗaure da kusoshi, mai gyara ya kwance ya fitar da rulma ya buga sabbi ya mayar, injin ya sake sabon rai. Yanzu da yawa daga cikin masu araha da ma wasu masu tsadar an narke gida biyun an haɗe su tun daga masana'anta, babu kusa ko ɗaya, in rulma ta mutu kamfani cewa yake ka sayi bahon da gangar gaba ɗaya, kuɗin kuma ya kusa na sabon inji. Masu gyaranmu na nan ba sa yarda, da zarto suke yanka shi su canza rulma su mayar da gam da ƙananan kusoshi, wani ya riƙe wani ya yi yoyo bayan ɗan lokaci, sa'a ce da iya hannu. Wannan a ganina shi ne babban abin da ya lalace tsakanin da da yanzu, kuma ba wanda zai gaya maka a kanti, sai ka tambayi mai gyara da lambar samfurin a hannunka.

Ƙarfen nan mai yatsu uku shi ma yawanci haɗin alminiyam ne, ragowar omo da datti in suka taru a kansa shekara da shekaru yana zaizayewa har ya karye, musamman a gidan da ake cika omo kuma ana rufe ƙofa da danshi a ciki. Ga kuma nauyin aikin da aka ƙara musu, na da kilo 5 suke ɗauka suna matsa da juyi 500 zuwa 800 a minti, na yanzu cikin akwati mai faɗin santimita 60 ɗin nan dai aka cusa gangar kilo 8 ko 9 ko 10 tana juyi 1200 zuwa 1400, dole rulma da ƙafafun da ke shanye girgiza su ji a jikinsu. Sai kuma kart, wato allon lantarkin da ya maye gurbin agogon murɗawa na da. Agogon nan ba ruwansa da wuta ta yi sama ko ta yi ƙasa, kart kuwa kuran ya dawo da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya ƙone ta.

Amma kada ƴan majalisarku masu yabon na da su yi saurin tafi. Na da ruwa suke sha kamar ba gobe, sama da lita 100 a wanki ɗaya ba abin mamaki ba ne, na yanzu mai ƙofa a gaba wajen lita 50 ya ishe shi, kuma a garin da ake sayen ruwa da bido wannan ba ƙaramar magana ba ce. Moter ɗin na da mai sharbon ne, sandunan gawayin nan biyu da ke cinyewa sai an canza, na yanzu mai inbata ba shi da su, bai cika ƙara ba kuma ya fi jimawa, wasu ma an cire bel ɗin gaba ɗaya an ɗaura moter kai tsaye a bayan ganga, LG ya fito da irin nasa a 1998. Sannan tsohon injin da kuke gani har yau yana aiki shi ne wanda ya tsira, ƴan uwansa da suka mutu tuni an auna su a kilo wurin ƴan gwangwan ba wanda ke tuna su. Kuma a wancan zamanin wa ke sayen injin wanki in ba babban ma'aikaci ko babban ɗan kasuwa ba? Yau ƙaramin ma'aikaci yana iya saye, kuma sauƙin farashin daga wani wuri aka yanko shi. Mai ƙarfi irin na da har yanzu ana yi, Miele suna cewa suna gwada nasu a kan aikin shekara 20, da yawansu da ƙarfen zubi ake danne su maimakon bulon siminti da ke cikin sauran, nauyinsu yana kai kilo 90 inda na gama-gari ke tsakanin 60 da 70, sai dai kuɗin guda ɗaya ya sayi na gama-gari uku ko fiye, kuma in ya lalace a Damagaram ina za ka samo kayansa?

Batun da gangan kuwa, ni ban ɗauka akwai wani agogon mutuwa da aka ɓoye a ciki ba, abin da na gani shi ne lissafin riba, kowace kusa da aka cire kuɗi ne in ka ninka ta sau miliyan. Turawa da abin ya ishe su doka suka yi, daga watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni su ajiye kayan gyaran injin wanki har shekara 10 bayan sun daina sayar da samfurin, Faransa kuma a Janairun 2021 ta fara sa ana manna maki daga 0 zuwa 10 a jikin kaya da ke nuna sauƙin gyaransa, a 2025 aka maye na injin wanki da makin ƙarko. Mu nan dokar ba ta iso mu ba, amma in samfurin da kake so ana sayar da shi a Faransa kana iya buga lambarsa a intanet ka ga makin da ya samu.

Tambaya: Ina zaune a Garin Malam, pampon gidanmu sai tsakar dare yake kawo ruwa wani lokaci kwana biyu shiru, ƴan ga-ruwa muke saye. Kishiyata ta ce in dai ba otomatik mai ƙofar gilashi ba to ba inji ba ne. Wanne zan saya?

Amsa: Ƴar uwa ki bar ta da maganarta, ki sayi mai baho biyu, wanda gefe ɗaya ke wanki ɗayan ke matsa. Otomatik da kansa yake jan ruwa ta wani ɗan bawul na lantarki, kuma bawul ɗin sai ruwa ya zo da ƙarfi yake aiki daidai, ƙarfin ruwa da bar ake auna shi, yawancinsu rabin bar zuwa bar ɗaya suke nema, bar ɗaya kuwa sai tanki ya yi tsayin mita 10. Tankin da ke kan rufin ɗaki mita 3 ko 4 ba zai ba ki ko rabin bar ba, sai injin ya yi ta jira ya gaji ya fito da lambar kuskure ya tsaya da kayanki a jiƙe ƙofa a kulle, sai dai in za ku ƙara kuɗin ɗan famfon lantarki mai tura ruwa. Kuma duk mun san halin garin nan, dutse ne a ƙarƙashinmu, ruwan daga Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram ake turo shi, in zafi ya yi unguwanni da yawa layi ake bi.

Mai baho biyu da bokiti kike zuba masa, ruwan da kika wanke fararen kaya ki juya masu launi a ciki, na ɗauraya ki tara ki yi shara ko bayi da shi. Cikinsa kuma ba komai sai moter biyu da bel da kondansater da agogon murɗawa, duk mai gyaran fanka da ya san hannunsa zai iya da shi. Wutar da yake ci wajen wat 300 zuwa 450 ne gefen wanki, ƙaramin gurup, wato janareto, ko panon hasken rana mai inbata mai ɗan ƙarfi ya ɗauke shi, shi kuwa otomatik in ya kunna abin dumama ruwa wat 2000 yake nema. Wanda ya ga yadda muka yi a watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa ya san amfanin kayan da ba sa cin wuta.

Aibinsa dai sai kin tsaya a kansa kina ɗebe kaya daga nan zuwa can, kuma jikinsa roba ne, in kika bar shi a tsakar gida rana tana dukansa shekara biyu za ki ga ya fara tsagewa. Ki sa shi a inuwa ki rufe shi da zani saboda ƙurar hunturu, ki toshe ƙasansa don ɓeraye na son wayoyin ciki. Wajen saye ki ɗaga gefe ɗaya ki ji nauyi, ki danna jikin bahon da yatsa, in yana lotsawa kamar robar ruwan sanyi ki wuce, ki kuma tambaya ko moter ɗin naɗin jan ƙarfe ne. Gefen matsa shi ke fara mutuwa, kuma yawanci laifin masu cusa kaya ne ba tsari har ya riƙa dukan bango, ko ruwa ya zubo wa moter ɗin ta robar ƙasa. Ki kakkaɓe yashi daga kayan yara kafin ki zuba. Abu na ƙarshe kuma don Allah kada ki raina shi, gidajenmu da yawa ba a ja musu wayar ƙasa ba, ruwa da kuran da ƙafa ba takalmi ba sa haɗuwa, ki sa mai lantarki ya kafa miki ƙarfen ƙasa ya haɗa da inda za ki jona.

Tambaya: Yayana yana Amurka ya ce zai saka min Maytag cikin kwantena, wai babu kamarsa a can.

Amsa: Ka yi masa godiya ka ce ya turo kuɗin. Injinan Amurka wutar bolt 120 da hez 60, wato yawan kaɗawar wutar a daƙiƙa, suke ci, tamu 220 ce da hez 50, ko ka sa taransifoma ta rage bolt ɗin ba ta canza hez, ga babu kayan gyaransa ko a Kano. Maytag ɗin ma tun 2006 Whirlpool ya saye shi.

Tambaya: Na ga an manna garanti shekara 10 a jikin wani inji sabo, a gefe kuma akwai okaziyo na Turai Bosch, wato wanda aka yi amfani da shi, da kuɗinsu ya kusa zama ɗaya. Zan kai shi Gure ne wurin iyali. Wanne ya fi?

Amsa: Alhaji ka matsa kusa ka sake karanta takardar, shekara 10 ɗin a kan moter kaɗai take, kuma moter mai inbata shi ne abin da ya fi komai wuyar mutuwa a cikin injin, shi ya sa suke bugun ƙirji a kansa. Kart da famfon fitar da ruwa da rulma da makullin ƙofa, waɗanda su ne ke kai inji wurin mai gyara, garantinsu shekara ɗaya ne ko biyu. Kuma garanti kowace ƙasa da nata ne, wanda aka sayo a Kano aka shigo da shi ta Maimujiya takardarsa ta Najeriya ce, in ya samu matsala sai ka mayar da shi can, don haka ka tambayi mai kantin a gaban shaida wa zai gyara kuma a ina, ya rubuta maka a faktir da lambar injin.

Okaziyo kuma in an dace ana samun na kirki, don Bosch na shekarun baya da yawansu bahonsu mai kwancewa ne, amma ba a sayensa da ido. Ka buɗe ƙofa ka juya gangar da hannu ka saurara, in kana jin gurnani ko ƙarar yashi rulma ta tafi. Ka kama bakin gangar ta sama ka ɗaga ka sauke, in tana motsi ita kaɗai ba tare da bahon ba to ko rulma ko ƙarfen nan mai yatsu uku ya karye, ka bar musu kayansu komai arahar. Ka leƙa bayan in an yarda a cire murfin, jan layin tsatsa da ya gangaro daga tsakiyar baho alamar ruwa ya daɗe yana bi ta wurin. Ka ja robar bakin ƙofa ka duba tsaga. Sannan a jona shi a zuba ruwa ya yi wanki ya zubar ya matsa har ƙarshe kana tsaye, wanda ya ce maka babu wuta yanzu ka ce za ka dawo in an kawo. Ko wanne ka ɗauka ka haɗa da regilater, wato na'urar daidaita wuta, mai jinkirta kunnawa in wuta ta dawo, wanda ƙarfinsa ya kai na injin, kuma in an gama wanki a zare waya daga bango.

Tunda Gure za shi ga abin da ya fi ba ni tsoro. Sabon inji mai ƙofa a gaba yana zuwa da manyan kusoshi uku ko huɗu a baya da ke ɗaure bahon kada ya yi lilo a hanya, okaziyo kuwa yawanci an yar da nasa tun a Turai, in aka ɗora shi a bayan mota haka nan ya sha ramukan hanya bulon simintin ciki yana iya fasa baho ko ya tsinke sifirin kafin a isa. Ka sa a nemo kusoshin ko a buɗe sama a cusa katifar soso a matse shi, a ɗauke shi a tsaye ba a kwance ba. In an isa kuma a tabbata an cire su kafin a kunna, don in aka manta da su a ciki injin zai yi ta tsalle har ya bar inda aka ajiye shi, kuma a adana su a leda don ranar da za a sake tashi.